Kan Bunsuru, Naman Akuya

Ku samarin da kuke cika mini benci bayan la'asar, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar kasuwa. Wai agashe ba sana'a ba ce, tsire ne kawai, nama a tsinke a jera a bakin wuta, ko makaho ya yi. Ban yi fushi ba, dariya ma na yi, don makahon da ya ambata na san shi, kuma duk Mai Wurno ba a yi wanda ya kai shi sanin nama ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina tsaye a bakin tukubar nan ta kusa da tashar hafila, wato bas, inda ake lodin masu zuwa Sinnar. Tun da kun ce kuna so ku koya, to a ajiye wayar nan a saurare ni.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Baba Ummaru mai tsire, ina ɗan shekara goma sha huɗu, na zaci wuƙa za a miƙo mini. Gora aka miƙo mini, irin wadda ake kawowa daga wajen Damazin, aka ce in fere tsinke. Na wuni ina fera. Da yamma Baba Ummaru ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana shafawa a leɓensa, ya zuba kusan duka a wuta, ya bar mini 'yan ƙalilan. Tsinken da bai yi santsi ba zai soki dasashin mai ci, mai kauri ya yaga nama, siriri kuma ya ƙone kafin nama ya nuna. Shekara guda cur aikina ke nan, sai ɗebo yashi daga bakin kogi a kan jaki, da tankaɗe shi, da dakan ƙuli-ƙuli har tafin hannuna ya yi kanta.

Wuƙa sai a shekara ta biyu. Cinyar taure ya aza mini a kan katako, ya ce in warware ta. Ba sara ake yi ba, kwantar da wuƙa ake yi, a bi tsoka a hankali ana buɗe ta kamar mai warware rawani, har ta zama falle ɗaya wanda in ka ɗaga shi kana ganin hasken rana ta ciki. Na huda ta wuri bakwai. Ya tsire naman yadda yake da hujinsa, ya gasa, ya sa na cinye abina a gaban direbobi suna yi mini dariya. Wuƙar nan da kuke gani ta siririce kamar ganyen albasa tasa ce, wasawa ce ta cinye ta.

Sai wuta. Ku kuna ganin gawayin bagaruwa a tsakiyar tulin yashi, tsinke a kafe kewaye da shi, kun ɗauka magana ta ƙare. Harshen wuta ba ya taɓa naman agashe, zafi ne kawai ake so ya isa gare shi. Kuma iskar kogi ba ta tsayawa wuri ɗaya: da la'asar daga gabas take zuwa, rana na yin ja sai ta juya. Wanda bai san haka ba, rabin tsirensa ya ƙone, rabi ya fito ɗanye. Da kumatuna nake jin juyawarta, in fara sauya wa tsinke wuri tun kafin hayaƙi ya karkata. Sau biyu ake turmusa nama a garin ƙuli-ƙuli da yaji, a yayyafa man gyaɗa tsakani. Masu saye kuma kowa da halinsa. Direba yana so a ba shi yana tsaye injin na kuka. Makiyayi Balarabe sai ya ce, "Ya haj, zid shatta," a ƙara masa barkono har hawaye su zubo masa, sannan ya sa albarka. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa yakan sayi na gida a ƙunshe, ya ci nasa a ɓoye kafin ya tafi.

Amma duk cikin kayan aikin nan, wanda na fi raina wa wayo ina yaro shi ne sandar can da ke kafe a gefen tukuba. Baba Ummaru ba ya sayen nama a buhu. Dabba yake saye da ranta, a yanka a gabansa, sannan ya rataye kai da fata a jikin sandar tun hantsi har magariba. Ƙuda ya taru, rana ta buga, ni ne mai kora. Ranar da abin ya ishe ni na ce masa, "Baba, wanga kai ƙuda kawai shika tara muna. Mi za a yi da shi?"

Ya kamo kunnen ya juyo mini shi. "Isa, mi kag gani?"

Na ce, "Tsaga biyu."

Ya ce, "Shaidar gidan Malam Bello ta. Kowane gida garin ga da irin tsagar da suka yi ma bisashensu. Wanda akuya tai ta ɓace shi zo nan shi duba, shi koma gida ransa sanye game da mu. Ran da kaj ji kunyar rataye kai, ran nan kada ka hura wuta."

Na ce to, irin to ɗin da ku ma kuke ce mini.

Shekarar da ta gwada ni ta zo ne bayan Baba Ummaru ya bar mini tukuba, idonsa ya riga ya tafi, yana zaune a gida. Damina ta yi gardama, wadda ta biyo ta ma ba ta yi kirki ba. Dabbobi suka ƙare a hannun mutane, 'yan da suka rage suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Magidanta suka watse, wasu yankan riɗi wajen Gadarif, wasu haƙar zinariya can arewa, inda mutum kan yi shekara ba a ji ɗuriyarsa ba. Garin ya koma na mata da tsofaffi da yara. 'Yan shekara sha huɗu zuwa sha shida suka daina zuwa makaranta, ba mai tsawata musu, ba gonar da za a tura su. Gindin dalbejiyar tasha suka mayar gida.

A cikinsu akwai wani Jibo, ya ɗan girme su. Shi tun yana ɗan sha shida aka kama shi da tiyon injin ban-ruwa, aka kai shi gidan yari. Ya tafi yana kuka yana kiran uwarsa, ya dawo ya san yadda ake buɗe kwaɗo da ƙusa da inda ake sayar da kowane irin kaya. Yana da waya, yana da takalmi mai kyau, kuma shi kaɗai ne babba a garin da yake zama ya saurari yaran nan. Ina kallonsu daga bakin tukubata kullum, ban taɓa kiran ko ɗaya na tambaye shi ya ci abinci ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bashir ya zo mini da buhu. Ɗan maƙwabcina ne, shekararsa goma sha biyar, ubansa yana wajen zinariya. Ya buɗe, cinya biyu da kafaɗa biyu, ba kai, ba fata. Ya ce, "Kawu Isa, akuyar innarmu ta, ta karye ƙahwa munka yanke." Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu. Ko kaza ba su da ita, na sani sarai. Amma kwana uku ke nan ban hura wuta ba, kuma abin da ya nema bai kai rabin kuɗin kasuwa ba. Na karɓa.

Da na tsire naman sai na dubi sanda, babu komai a jikinta. Duk wanda ya wuce zai lura. Na zagaya wurin mahauta na sayi kan bunsuru da fatarsa, na zo na rataye. Kun ga, ban ma bar al'adar ba, na sa ta yi mini ƙarya ne. Juma'a ta zagayo, Bashir ya sake kawowa, don lokacin da maza suke masallaci awaki suna kiwo su kaɗai a bakin kogi, su kuma yaran su ja ɗaya cikin kurmin ƙaya su yanka. Na sake sayen kai. Har sau huɗu.

Washegarin na huɗun, jikar Baba Ummaru ta jawo shi da sanda ya zo gaishe ni, kamar yadda yakan yi jefi-jefi. Na shimfiɗa masa buzu a kan benci, na zaɓo tsinke biyu masu kyau na ba shi. Ya gutsura ya daɗe yana taunawa. Sai ya miƙe, ya lalubi sanda, ya shafa kan nan tun daga ƙaho har gemu, ya shinshina yatsunsa, ya koma ya zauna.

Yana zaune sai ga Inna Hajara. Tsohuwa ce, 'yarta ta rasu ta bar mata jikoki uku, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba, da nonon akuya ake rayar da ita. Ta yi sallama, ƙafafunta duk ƙura, ta ce tun jiya take yawon neman akuyarta, baƙa mai farin goshi, ta bar 'ya'ya biyu suna ta kuka, jaririya ma tana kuka. Ta je wurin sanda ta juya kunnen bunsurun, ta duba, ta saki. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ba ta nan. Na shina, Isa. Sandar ga ba ta taɓa yin ƙarya ba, Allah shi yi ma albarka." Ta juya ta nufi hanyar Abu Hujar da ƙafa, wai ko makiyaya sun haɗa akuyar da nasu. Akuyarta kuwa tana gabanta a jere a kan tsinke, tana ɗigar da mai.

Da ta yi nisa Baba Ummaru ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Isa, kan ga na bunsuru na. Naman ga na mai shayarwa na, ba kitse, ba wari, yana jan haƙori." Ya ajiye tsinke na biyu a kan faranti bai taɓa shi ba, ya kira jikarsa suka tafi. Kunya ta kama ni. Duk da haka ban bi tsohuwar ba, na sayar da naman tas.

Kwana biyu tsakani karnuka suka tono fatu a cikin kurmin, da kawuna, kowanne da tsagar gidansu a kunne. Wata mai itace kuma ta ce ta ga Bashir yana jan baƙar akuya ranar Juma'a. Kafin a ce me, Jibo ya hau hafila ya ɓace. Bashir aka kama.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, da 'yan lajna, wato dattawan da ke kula da al'amuran unguwa, da masu awakin, da duk wanda ke da ƙafa. Yaron yana zaune a ƙasa an ɗaure masa hannu da igiyar akuya, uwarsa tana bayan zana ana jin shessheƙarta. Magana ta tsaya a kan gobe da safe a sa shi a mota a kai shi Sinnar a miƙa wa hukuma. Kowa a wurin ya san yadda Jibo ya tafi da yadda ya dawo, amma rai ya ɓaci. Mai unguwa ya tambaye shi sau uku, "Wa kaka kai ma naman?" Bai ɗago ba. Ina tsaye a bayan mutane, taku goma tsakanina da shi, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Daga baya na ji Jibo ne ya koya musu cewa mai tona wanda yake saye ba namiji ba ne. Yaro ɗan sha biyar ya yarda ya tafi gidan yari don ya rufa mini asiri, ni kuma da gemuna na yarda ya tafi.

Sai Baba Ummaru ya yi gyaran murya daga kan tabarmarsa. Ya ce, "Ni dai tambaya guda gare ni. Awaki huɗu sunka ɓace. Gidan yaron ga ko ƙashi ba a gani ba, kuma yaro ba shi cinye awaki huɗu. In za a kai shi Sinnar, a bar wuri guda kusa da shi cikin mota, akwai babban da za shi zauna nan." Bai ambaci sunana ba, bai ko juyo da fuskarsa wajena ba.

Ban san lokacin da na ratsa mutane ba. Na ce ni ne na saya, sau huɗu, na san na sata ne, kuma kawunan da aka gani a sandata daga wurin mahauta na sayo su. Wurin ya kaure. Wani ya ce a haɗa mu a igiya ɗaya, kuma da an yi hakan ba a zalunce ni ba.

Inna Hajara ce ta ɗaga hannu. Ta ce, "An kai Jibo, mi anka maido muna? In kunka kai wanga, ɓarawo mai gemu za ku maido min, kuma nono ba shi dawowa. Ku kwance shi ku ba ni shi. 'Yan awakina biyu ba su da uwa, shi yanko musu ciyawa, shi ba su ruwa, shi ji kukansu da kunnenai har su girma." Mai unguwa ya dubi sauran masu awakin, suka yi gunaguni, suka yarda, bisa sharaɗin ni in maye wa kowa dabbarsa. Sai ta juyo ta dube ni. "Kai kuwa Isa, na sa ma albarka bisa naman akuyata. Ba ni da magana da kai."

Kafin magariba na ja akuyar matata mai nono na ɗaure a ƙofar gidan tsohuwar. Matata da kanta ta miƙo mini igiyar, Allah ya saka mata. Sauran gidaje ukun ma na maye musu a hankali. Amma garin ya juya mini baya. Damina guda cur ina yanka ɗan abin da na samu, in rataye kai, in hura wuta, 'yan gari su bi ta ɗaya gefen hanya. Baƙin da ke sauka a tasha ne kawai suke saye, su da ba su san komai ba. Sau da dama na yi niyyar in tattara in koma Damazin inda ba a san ni ba. Baba Ummaru ne yake sa a jawo shi kowace ranar kasuwa, ya zauna a bencin nan shi kaɗai, ba ya ci, har rana ta faɗi.

A zaman nan ne na fara duban yaran gindin dalbejiya da idon kirki. Mutane suna cewa halinsu ne, wai wasu da sata aka haife su. Ni dai ban ga haka ba. Bashir yunwa ce ta fara taɓa shi, ga uba ba ya nan, ga wuni mai tsawo ba abin yi, ga Jibo da yake kiransa namiji a lokacin da kowa yake kiransa ɗan banza. Amma duk wannan da a akuya ɗaya zai tsaya, ya ji tsoro ya bari, in da ya zo da buhunsa na ce masa ina kai, ina fata. Ni na mayar da abin sana'a. Tun daga lokacin duk yaron da aka ce ya ɗauki abu, kafin in zage shi sai na tambaya wane babba ne ya karɓa. Ban taɓa rasa shi ba.

Bashir ya yi shekara biyu yana yi wa Inna Hajara kiwo. Ita ta riƙa zuba masa tuwo tare da jikokinta, ita ta kai shi wurin wani direba ta ce a koya masa mota. Farar hafilar can da kuke rububin shiga in za ku Sinnar, mai ita da kuke kira Usta Bashir, shi ne. Kada ku zaro ido, shi da kansa ya ce in ba ku labarin, har ya ce kada in rage komai.

Ni kuwa ranar da aka dawo mini da sana'ata, ranar kasuwa ce bayan an yi girbi. Ina tsaye ina kora ƙuda, sai na ga mutane suna darewa. Inna Hajara ce, 'yar jikarta tana tafe da ƙafarta tana riƙe da gefen zanenta, Bashir a bayansu da damin ciyawa a ka. Ba ta yi mini sallama ba. Ta wuce wurin sanda, ta kamo kunnen tauren da na rataye, ta juya shi, ta daɗe tana dubawa. Ta ce da ƙarfi, "Na wane gida na?"

Na ce, "Na gidan Malam Bello na, Inna. Ga ɗansa can, shi yas sayar min."

Ta ƙwala wa ɗan Malam Bello kira daga rumfar masu hatsi, ya zo ya ce haka ne. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ce, "Ba ni tsinke ɗaya." Na zaɓa mata. Baba Ummaru daga kan benci ya ce, "Ni ma miƙo min guda, Isa, yunwa nika ji."

Ku sani, Inna Hajara ba ta da haƙori ko ɗaya a bakinta, kuma duk kasuwar nan an san haka. Ta ƙi a ƙunshe mata shi a takarda. Ta ɗaga tsiren sama yadda kowa zai gani, ta bi layin masu hatsi, ta bi na masu albasa, ta zagayo ta tasha, tana tafe a hankali har ya huce a hannunta, sannan ta miƙa wa Bashir. Kafin ta kai bakin hanya mutum uku suna tsaye a gabana.

Ita da Baba Ummaru duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya saka musu da abin da ni ba zan iya ba. Wanda yake son koyo a cikinku ya zo gobe da hantsi, kada ya zo da wuƙa. Zan ba shi kai da fata ya rataye, ya tsaya ya kore musu ƙuda, kuma duk tsohuwar da ta zo ta kama kunne, ya matsa ya ba ta wuri ta duba har ta gamsu.